Aikin da Ba Ya Son Kuskure: Yadda Ƙwayar Halitta Ke Kwafar DNA

Ɓargon da ke cikin ƙashin baligi yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowane sakan, dare da rana, ko mutum na barci ko yana farke. Bangon hanji yana sake kansa cikin 'yan kwanaki. Rauni yana cikowa. Ɗan tayi yana tasowa daga ƙwaya guda har ya zama jariri mai kuka. Duk waɗannan hanya ɗaya suke bi, wato ƙwayar halitta ta rabu gida biyu. Amma kafin ta rabu akwai aikin da ya wajaba a kanta: sai ta kwafe dukkan DNA ɗin da ke cikinta, domin kowace cikin sababbin ƙwayoyin biyu ta tafi da cikakken rabonta. A jikin ɗan Adam wannan rabo ya kai haruffa kusan biliyan 6, a rarrabe kan kuromosom 46. Da za a miƙe zaren da ke cikin ƙwaya guda, tsawonsa zai kai wajen mita 2, ga shi kuwa a naɗe yake cikin cibiyar ƙwayar, wurin da ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kimanin sa'o'i 8 ake gama kwafar, kuma in aka bi aka ƙirga kurakuran da suka tsira, da wuya su wuce 'yan ƙalilan.

Ni dai a duk abin da na karanta na ilimin halittu, babu aikin da ya kai wannan burge ni. Saurin abin mamaki ne, ba shakka. Amma abin da ya fi kama mini hankali shi ne, duk inda aka zo mararraba tsakanin hanya mai sauƙi da hanyar da za ta bari a gyara kuskure, ta biyun ƙwayar ke bi, ko da kuwa hakan zai ninka mata wahala. Wannan ita ce gwanintar, kuma ita nake so mai karatu ya gani da kyau.

DNA zare ne mai sili biyu da suka murɗe da juna. Kowane sili jeri ne na ƙananan sinadarai iri huɗu, waɗanda masana ke rubutawa da haruffan A, T, G da C. Yadda aka jera haruffan shi ne saƙon: shi ke gaya wa ƙwaya irin furotin da za ta ƙera. Silin biyu kuma ba haka kawai suke manne ba. Duk inda A yake a wannan sili, T ne ke fuskantarsa a wancan. Duk inda G yake, C ne abokinsa. Tun a wajen 1950 Erwin Chargaff ya lura cewa a kowace halitta yawan A daidai yake da yawan T, yawan G kuma daidai da na C, amma ba a san dalili ba. Sai a 1953 James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta ƙasar Ingila, suka fito da siffar zaren, bayan sun amfana da hotunan da Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauka a Landan da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi. Da ganin siffar, hanyar kwafa ta bayyana da kanta. Tunda kowane sili yana nuna abin da ya kamata ya kasance a ɗan'uwansa, in aka raba su, kowanne zai iya zama abin dubawa wajen gina sabon aboki.

Hasashe ne mai daɗi, amma hasashe ba hujja ba ne. Waɗanda suka kawo hujjar su ne Matthew Meselson da Franklin Stahl, a Kalifoniya ta Amurka, a 1958, kuma gwajin nasu ya cancanci a tsaya a kansa. Sun raini bakteriyar E. coli tsawon haihuwa da yawa a cikin abincin da ke ɗauke da naitirojin mai nauyi, mai lamba 15, har DNA ɗinta duk ya yi nauyi. Daga nan suka mayar da ita cikin abinci mai naitirojin na yau da kullum, mai lamba 14. Duk sabon silin da za a gina daga wannan lokaci mara nauyi ne. Suka riƙa ɗiban DNA ɗin suna zubawa cikin ruwan wani gishiri mai kauri, suna sa shi a na'urar da ke wulwula kwalabe da tsananin gudu na sa'o'i masu yawa, har mai nauyi ya zauna can ƙasa, mara nauyi ya tsaya sama. Bayan rabuwa ɗaya, layi guda tak ya fito, kuma a tsakiya yake, ba ƙasa ba, ba sama ba. Bayan rabuwa ta biyu layi biyu suka fito, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama. Ma'anar a fili take: kowane sabon zare rabinsa tsoho ne, rabinsa sabo. Ƙwaya ba ta ajiye na asali a gefe ta ba 'yarta kwafi. Kowace cikin biyun tana tafiya da sili ɗaya na gado da sili ɗaya na yau. A riƙe wannan, domin tsohon silin nan shi ne shaidar da za a nema in gardama ta taso.

Yanzu sai mu shiga wurin aikin. Na farko a fage wani furotin ne mai siffar zobe da ake kira helikes. Yana zagaye sili ɗaya, yana tafiya a kansa yana ɓalle haɗin da ke tsakanin haruffa, zaren yana buɗewa gida biyu a bayansa. Nan take wasu ƙananan furotin suke hawa silin da aka buɗe, su riƙe shi a miƙe don kada ya koma ya manne ko ya cukurkuɗe. Sai dai buɗewar tana jawo wata matsala. Ka ɗauki igiya mai tufka biyu, ka ɗaure bakinta ɗaya a turke, ka kama silin biyu daga ɗaya bakin ka ja su dabam-dabam. Da farko za su rabu cikin sauƙi. Can sai ka ga murɗin ya taru a gaba, igiyar ta ƙanƙance, ta fara nannaɗe kanta, har ta kai inda ko ka sa ƙarfi ba za ta ƙara buɗuwa ba. Haka DNA ke yi. A kowane haruffa goma akwai murɗi guda, kuma bakteriya tana kwafar haruffa kusan 1,000 a sakan, ke nan murɗi ɗari ke taruwa a gaba kowane sakan. Maganin da ƙwaya ta tanada yana da ban tsoro in ka fara jin sa: wani furotin mai suna tofo'aisomares yana zuwa gaba ya yanke zaren da gangan, ya bar murɗin ya saki, sannan ya mayar ya haɗa daidai inda ya yanka, ba tare da harafi ko ɗaya ya faɗi ba. James Wang ne ya fara gano irin wannan furotin a 1971. Duk wanda aka taɓa ba wa ciprofloxacin a asibiti ya amfana da wannan sani, domin maganin yana kama irin wannan furotin na bakteriya ne bayan ya yanka, ya hana shi haɗawa, sai DNA ɗin ƙwayar cutar ya kakkarye.

Babban ma'aikacin shi ne folimares, wanda Arthur Kornberg ya fara tsamo irinsa daga bakteriya a 1956, har aka ba shi kyautar Nobel a 1959. Masanan da suka ɗauki siffarsa sun ga ya yi kama da hannun dama a ɗan dunƙule, har sassansa ma da sunan tafi da yatsu da babban yatsa suke kiransu. Zaren yana kwance a tafin. Haruffa huɗun suna yawo a ruwan ƙwayar, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani tsari ba. In wanda ya shigo ya dace da na tsohon sili, faɗinsu da siffarsu suna cika gurbin cif, yatsun su rufe, a ɗaure shi, a matsa gaba. In bai dace ba, yatsun ba sa rufuwa sosai, sai ya fice wani ya shigo. Kuma don kada folimares ya zame daga kan zaren bayan 'yan haruffa, akwai wani zobe da ake ɗaura masa a baya, wanda ke zagaye zaren yana sulɓi tare da shi, ya riƙe shi a bakin aiki tsawon dubban haruffa.

Da wannan tantancewar kaɗai, ana samun kuskure kamar 1 a cikin haruffa 100,000. A aikin hannun mutum wannan ai sai yabo. A DNA kuwa bala'i ne, domin a haruffa biliyan 6 zai zama dubun-dubatar kurakurai a kowace rabuwa. Saboda haka folimares yana da wani gurbi na biyu a jikinsa, na yanka. Idan harafin da bai dace ba ya kuɓuce aka ɗaure shi, bakin sabon silin ba ya kwanciya lafau a kan tsohon, yana ɗan ɗagowa. Folimares sai ya ci birki. Bakin silin ya zame zuwa gurbin yankan, a datse harafin, a dawo da shi tafin hannu, a sa wanda ya dace, a ci gaba. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Douglas Brutlag da Kornberg ne suka nuna wannan a 1972, kuma da shi kuskure ke raguwa zuwa kamar 1 a cikin miliyan 10.

A nan ne muka iso inda na fi so a duk labarin. Silin DNA yana da kai da gindi, kuma silin biyu a juye suke da juna, kan wannan yana wajen gindin wancan. Shi kuwa folimares fuska ɗaya kawai ya iya bi. A kan sili ɗaya babu damuwa, fuskar da yake bi ita ce fuskar da zaren ke buɗewa, sai ya bi bayan helikes salin-alin ba tsayawa. A ɗaya silin kuma fuskarsa ta saɓa, yana aiki ne yana nisantar inda ake buɗewa. To yaya za a yi a kwafi duka biyun a lokaci guda?

Amsar daga Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan ta fito, daga wajen mata da miji, Tsuneko da Reiji Okazaki, da abokan aikinsu. Sun riƙa ba bakteriya haruffa masu alama na 'yan sakanni kaɗan, su tsayar da aikin nan take, su duba abin da aka gina. Sai suka tarar da gajerun guntaye. In suka ƙara lokaci kaɗan, guntayen sun haɗe sun zama dogon sili. A 1968 suka bayyana cewa sili na biyun guntu-guntu ake gina shi: a jira zaren ya buɗe kaɗan, a fara daga bakin buɗewar a yi baya har a cimma guntun da ya gabata, a saki, a dawo sabon bakin a sake farawa. A bakteriya kowane guntu yakan kai haruffa 1,000 zuwa 2,000, a jikinmu kuwa 100 zuwa 200 ne kawai, wato a rabuwar ƙwaya guda ana yin guntaye sama da miliyan 20, kuma kowanne sai wani furotin mai suna laiges ya zo ya liƙe shi da maƙwabcinsa. Har yau da sunan Okazaki ake kiran guntayen. Reiji bai daɗe ba bayan haka. Yana saurayi a Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, kuma sankarar jini ta yi ajalinsa a 1975 yana da shekara 44. Tsuneko ta riƙe ɗakin binciken ta ci gaba, kuma aikinta ne ya tabbatar da yadda kowane guntu ke farawa.

Farawar ma wata hidima ce. Folimares ba ya iya kafa harafin farko, sai dai ya ɗora a kan abin da ya tarar. Saboda haka wani furotin, firaimes, shi ke fara ajiye ɗan gajeren jeri na haruffa kamar goma, kuma ba da DNA yake yin sa ba, da ɗan'uwansa RNA ne. Daga baya sai a zo a cire wannan RNA ɗin, a cike gurbin da DNA, sannan a liƙe.

Mai karatu zai iya cewa, wannan wace irin doguwar hanya ce? Me ya hana a sami folimares na biyu mai bin ɗaya fuskar a huta? Me ya sa a rubuta abu da RNA alhali an san gogewa za a yi? Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne ya sa nake ganin aikin nan gwaninta ce tsantsa. Ƙarfin da ake ɗaure kowane harafi da shi, harafin ne ke zuwa da abinsa, a jikin wasu fosfet uku da ke maƙale da shi. A fuskar da folimares ke bi, in aka datse harafin kuskure babu asara, na gaba zai shigo da nasa ƙarfin. Da a ɗaya fuskar ake gini, ƙarfin zai kasance ne a bakin silin da ake ginawa, kuma da zarar an datse harafi ɗaya shi ke nan, an datse har da ƙarfin, aiki ya tsaya. Ke nan mai bin waccan fuskar ba zai iya gyara kuskurensa ba. Haka zancen RNA yake. Wanda zai fara daga babu ba shi da abin da zai auna aikinsa da shi, don haka haruffan farko su ne suka fi haɗarin kuskure. Sai aka yi su da kayan da ake ganewa daga nesa cewa na wucin gadi ne, domin a tabbatar an cire su, mai iya gyara ya sake rubuta wurin. Miliyoyin guntaye, miliyoyin gogewa da liƙi, duk kuɗin da ake biya ke nan don kada ƙofar gyara ta rufe. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan.

Duk da haka ba a gama ba. A bayan folimares akwai wata tawagar da ke bin sabon zaren tana laluben inda ya ɗan kumbura, alamar haruffa biyu da ba abokan juna ba sun haɗu. Gano wurin ba shi ne wuyar ba. In an ga G yana fuskantar T, wanne ne na gaskiya? In aka cire na tsohon sili, an mayar da kuskure ya zama gado. A nan tsohon silin ke ba da shaida. A E. coli tsohon sili yana ɗauke da wasu ƙananan alamomin sinadari da ba a riga an sa wa sabon ba, kuma a ɗan tsakanin nan masu gyara ke gane sabon, su yanke yankin da kuskuren yake, a sake cikewa. Paul Modrich ne ya warware yadda wannan ke gudana, kuma a 2015 ya raba kyautar Nobel da Tomas Lindahl da Aziz Sancar, waɗanda suka yi aiki kan wasu hanyoyin gyaran DNA. Bayan wannan mataki kuskure yana komawa kamar 1 a cikin biliyan, ko ƙasa da haka. Ana sanin darajar tawagar nan a inda ta yi rauni: akwai iyalan da ke gadon nakasa a wannan gyara, kuma sankarar hanji tana yawan kama su tun da sauran ƙuruciya.

Batun lokaci kuma da lissafi aka warware shi. E. coli tana da haruffa wajen miliyan 4 da dubu 600 a zare guda mai zagaye. Daga wuri ɗaya take farawa, ma'aikata su bi dama da hagu, su haɗu a ɗaya gefen cikin kamar minti 40. Namu folimares ɗin ya fi nawa sosai, haruffa kamar 50 a sakan, ga shi kuromosom ɗinmu na farko kaɗai ya kusa haruffa miliyan 250. Da daga wuri ɗaya za a fara, sai a share kusan wata guda a kansa. Don haka ƙwayarmu tana buɗe aiki a dubun-dubatar wurare, kowanne ya bazu har ya tarar da na kusa da shi. Kuma an raba lokacin ɗora helikes a kan zaren da lokacin tayar da shi, ta yadda da zarar kwafa ta fara ba a sake ɗora sabo. Da haka ake tabbatar da kowane yanki an kwafe shi sau ɗaya, ba sau biyu ba.

Wuri ɗaya ne wannan tsari ya gaza kaiwa, can ƙarshen kuromosom, inda in an cire RNA na ƙarshe babu abin da za a ɗora a kai a cike. Kowace rabuwa bakin yana ɗan raguwa. Shi ya sa aka jera haruffan TTAGGG sau dubbai a wurin, su ne ke cinyewa maimakon saƙo mai amfani. A ƙwayoyin haihuwa akwai furotin mai mayar da abin da ya ragu, telomares, wanda Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano a 1984.

Mutane sun ari wannan sana'a. A 1983 Kary Mullis ya fito da dabarar PCR, inda ake raba silin biyu da zafi a cikin 'yar kwalba, a bar folimares ya kwafa, a maimaita. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai, zagaye 30 ya mayar da guntu ɗaya ya zama sama da biliyan. Folimares ɗin da ke jure wannan zafi daga wata bakteriya aka samo shi, mai zama a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Da wannan dabara aka yi gwajin korona, da ita kuma na'urar GeneXpert ke gano tarin fuka a majinar mara lafiya a asibitocinmu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta game da wannan aminci na kwafa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Masu gyara ba sa auna ko saƙo mai kyau ne ko mai cutarwa. Abin da suke aunawa kawai shi ne ko sabon sili ya dace da tsohon. Da zarar sauyi ya zauna a sili biyun, ya zama asali, kuma za a kwafe shi da irin kulawar da ake kwafar sauran. Misalinsa sikila. A kan kuromosom na 11, a cikin saƙon da ke ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, inda yawancin mutane ke da GAG, mai sikila GTG yake da shi. Harafi ɗaya ne cikin biliyoyi. Vernon Ingram ya nuna a shekarun 1950 cewa bambancin a furotin ɗin ma gurbi ɗaya ne tak. Wannan harafi ya sauya ne a jikin kakanni dubban shekaru da suka wuce, ya yaɗu a ƙasashen sauro domin mai ɗauke da kwafi ɗaya, wato AS, yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma tun daga lokacin ake miƙa shi daga iyaye zuwa 'ya'ya ba tare da ya goge ba. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar yara masu sikila a duniya, kuma kusan mutum 1 cikin 4 a cikinta AS ne. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, kuma babu jiƙo ko abincin da zai mayar da T ɗin nan ya koma A. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai kwafi biyu, mai sikila, ko da 'ya'yan farko sun zo lafiya. Samari da 'yan mata, da iyayen da ke karɓar kuɗin gaisuwa, a je a yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa.